Kantin maganin da aka tambaye ni me na ci

Damina ba ta wucewa ban kwanta zazzaɓin cizon sauro ba. Bana sau biyu ya kayar da ni cikin wata guda, shi ya sa na tsallake kemis ɗin layinmu na nufi wani babban kanti a kan titin Zoo Road a Kano, wanda maƙwabcina ya daɗe yana yabo.

Layi na fara tararwa. Mutum biyar ne kacal a gabana amma na yi kusan rabin awa a tsaye, jiki na kyarma, ga benci ɗaya tak. Da na iso gaban Hajiyar da ke harhaɗa magunguna sai na gane abin da ke cin lokacin: ba ta miƙa magani sai ta yi tambayoyi. Ta sa aka ɗiga jinina a ɗan abin gwajin nan, layi biyu suka fito, alamar akwai cutar. Sannan ta ce, "Malam, wancan karon da me ka sha maganin?" Na ce da ruwa mana, mai zazzaɓi ina ya ga bakin cin abinci. "Ka shanye duka?" Na yi shiru. Huɗu na sha cikin shida, da na ji sauƙi na jefa sauran a aljihun mota.

Irin wanda na sha a baya ta ɗauko, artemether da lumefantrine a haɗe, miligiram 80 da 480 a kowace ƙwaya, ƙwaya shida. Ta juya bayan rasit ta zana mini layi biyu. Artemether ɗan gaggawa ne, in ji ta, cikin awa biyu ya kai ƙololuwa a jini yana karkashe ƙwayoyin cutar, amma hanta na sarrafa shi da wuri, kusan duk awa biyu rabinsa ya tafi. Sauƙin da nake ji a rana ta biyu aikinsa ne. Lumefantrine kuwa mai nawa ne. Sai ya yi awa shida zuwa takwas kafin ya cika jini, ya manne wa sinadaran maiƙo da ke yawo a cikinsa, kuma rabinsa ba ya barin jiki sai bayan kwana uku zuwa shida. Shi ke tsayawa ya share 'yan ragowar da suka tsira. Matsalarsa ɗaya, hanji ba ya tsotse shi sosai in babu maiƙo. An gwada a jikin masu lafiya, abinci mai maiƙo ya ninka abin da ke shiga jini har sau 16. Ashe ni da na kora da ruwa a kan cikin wofi, yawancinsa bayan gida ya bi.

Na ce, "Hajiya, da can kulorokwin muke sha ba wannan dogon lissafi." Ta yi dariya ta tuna mini ƙaiƙayin da yake sa mu, har mutum ya kwana yana susa da masara. Shi yana shigewa tsoka da fata ne ya zauna, makonni yana fita a hankali. Tun 2005 Nijeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa.

A jikin kwalin ta rubuta mini lokuta da biro: ɗaya yanzu, ɗaya bayan awa takwas, sannan safe da dare kwana biyu. Ta ce ko kunun gyaɗa ne, ko kindirmo, ko ƙosai biyu, in dai da maiƙo. In na yi amai kafin awa guda in sake shan wata in dawo ta cika mini. Ta kuma nuna mini lambar NAFDAC, ta sa na kankare wurin lambar tantancewa na tura ta waya a gabanta.

Kuɗin ya ɗara na kemis ɗinmu da kusan naira ɗari biyar, ban da na gwaji. Babu wurin ajiye mota, kuma ranar da na koma sayen na yarana ban same ta ba, yaron da ke wurin miƙo mini kawai ya yi ya karɓi kuɗi. Da na tambaya aka ce da safe take zama, zuwa La'asar ta tashi. Ƙwaya ta biyu ta faɗo mini da tsakar dare, uwargida ta tashe ni da kofin madara tana mita, na shanye na koma barci.