Hattara da masu sayar da kyamarar zum ta bogi a intanet

Jama'a, a yi hattara. Tun da ƙananan kyamarorin aljihu suka dawo yayi a wajen matasan TikTok da Instagram, 'yan damfara suka samu kasuwa. Tallarsu kusan iri ɗaya ce: 'yar kyamara mai ƙyalli, an rubuta mata megafiksel 48 ko 64, bidiyon 4K, zum 16x (wato wai tana jawo nesa kusa sau 16), sannan a liƙa hoton farin wata ko na tsuntsu a kan reshe, tar da shi. Wannan hoton ba ita ta ɗauka ba, kuma ba za ta taɓa iyawa ba.

Kyamarar da ke jawo nesa kusa da gaske, gilasan cikinta ne ke motsi. Da ka kunna ta bakinta zai fito, kana danna zum yana ƙara tsawo, har ka ji 'yar ƙarar injin da ke tura shi. Haka Canon PowerShot SX740 HS ta 2018 take, mai zum 40x, haka Panasonic Lumix TZ95 ta 2019, mai 30x. Kuma a jikin gilashinsu za ka ga lambobi biyu. Na Canon ɗin 4.3 zuwa 172mm ne. Raba 172 da 4.3, amsa 40. Zum na gaskiya ke nan, lissafi ne da kowa zai iya yi a tsaye.

Ta bogin kuwa gilashi ɗaya gare ta a kafe, da lamba ɗaya tak. Wasu har zobe ake kewaya musu don su yi kama da manya, amma ado ne kawai. Abin da suke kira zum shi ne a yanke tsakiyar hoto a kumbura shi, abin da wayarka ke yi in ka buɗa hoto da yatsu biyu. In aka kai 16x ta wannan hanya, kashi ɗaya cikin 256 na hoton ne ya rage. Ko da sensar, wato ɓangaren da ke ɗaukar hoton a cikin kyamara, ta kai megafiksel 12 na gaske (ɗigon hoto miliyan 12), ɗigon da ya rage bai kai 50,000 ba. Fuskar mutum sai ta koma dishi-dishi, rubutun allo ba ya karantuwa.

Megafiksel ɗin ma ƙarya ce a mafi yawansu. Sensar ƙarama ce, manhaja ce ke hura hoton kamar balan-balan, fayil ya yi nauyi ba tare da ya ƙara kyau ba. Abin dariya, Canon ɗin da na ambata megafiksel 20.3 kawai gare ta. To ta yaya wadda ba a san kamfaninta ba, mai arha kamar banza, za ta ninka ta sau uku?

Ko na gaskiyar ma a san iyakarsu kafin a saya. Sensarsu mai inci 1/2.3 ce, tsawonta bai wuce milimita 6 da ɗoriya ba. Da rana a waje suna aiki sosai, amma a ɗaki ko da dare sau da yawa waya mai kyau ta fi su. Duk ɗan kasuwar da ya ce maka za ta ɗauko abu mai nisa cikin duhu tsaf, yana neman kuɗinka ne.

Akwai kuma masu sa hoton kyamarar gaske da suka sato a wani shafin, su karya farashi, su ce saura ɗaya, ka tura kuɗi yanzu kafin wani ya riga ka. Kana turawa su toshe ka. Maganinsu a nemi bidiyo: ya rubuta kwanan watan ranar a takarda, ya ajiye kusa da kyamarar, ya kunna, ya ja zum har ƙarshe, ya nuna lambar da ke ƙasan jikinta. In ya fara kame-kame, wai batir ya mutu ko kayan na rufe a kwali, ka bar shi. Kada ka tura kuɗi kai tsaye asusun wanda ba ka sani ba. Ka biya ta hanyar da za a iya dawo maka da kuɗinka, ko ka bari sai kaya sun zo hannunka ka gwada.