Injin ya burge ni, batirin kuwa Allah ya isa

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 babur ɗina ya fi zama a zaure fiye da hawa titi, shi ya sa na yanke shawarar mayar da tsohon kekena mai amfani da lantarki. Na sayi injin da ke zaune a tsakiyar tayar baya, 36V mai wat 350, da kwanturola da totur. Batir kuma na yi odarsa daban wajen wani mai sayarwa a intanet, saboda nasa ya fi araha.

Injin kam ba ni da ta cewa. Masu cewa sai wat 1000 ban san ina za su ba. Kano ba tudu gare ta ba, wannan ɗan ƙaramin yana ja na har da kaya a kariya, ba ƙara ba hayaƙi.

Batirin ne ya ƙona min rai. A jikinsa an rubuta 36V 20Ah, wato in ka ninka, 720Wh ke nan na wutar da yake iya adanawa, abin da ya kamata ya kai mutum kilomita 50 ba fargaba. Ni kuwa daga Hotoro zuwa Sabon Gari, a hanyar dawowa sai ya ɗauke, in koma taka feda da keken da ya ƙara nauyi, cikin ranar nan ta Afrilu. Na yi wa mai batirin magana, wai wutar unguwarmu ce ba ta cika shi. Ƙarya ne, na sa mita na gani, 42V cif, cikarsa ke nan.

Da abin ya ishe ni na kai wa wani mai gyaran batiran sola ya farke shi a gabana. Ƙwayoyi 40 ne a ciki, irin 18650 ɗin nan, wato ƙananan batira masu siffar yatsa, sauran wurin an cusa soso. Kowace an buga mata 5000mAh, wai yawan cajin da take ɗauka ke nan. Mai gyaran dariya ya yi, ya ce Alhaji, ta gaske ma da kyar take wuce 3500. Ya ɓare rigar guda ɗaya, sai ga tabon tsohuwar walda a kanta: na tsofaffin kwamfutoci ne aka sauya wa riga. Ya ce 20Ah na gaskiya, da ƙwaya mai 2500, guda 80 yake ci, a hannu ma za ka ji nauyin.

Kai, shi ma injin da nake yabo, wayoyin tayarsa sun saki da wuri, sai da aka sake ɗaure su, kuma cajar tana zafin da ba na iya barin ta in yi barci. Mai batir dai ya daina ɗaga wayata. Yanzu kuɗi nake tarawa mai gyaran nan ya haɗa min 10Ah da sababbin ƙwayoyi, ina tsaye a kansa.