Babur na hanyar Marwa zuwa Cadi: wanne ya dace da laka da yashin bakin Logon?

Mai son sayen babur don zirga-zirga tsakanin Marwa ta Kamaru da garuruwan Cadi na tsallaken kogin Logon, kafin ya tambayi kuɗi ya fara sanin ta ina zai riƙa ƙetarewa. Gadar Ngeli da ke haɗa Kusiri da N'Djamena, da sabuwar gadar Yagwa zuwa Bongor da aka buɗe a 2025, kowane babur mai lafiya zai hau su. Aikin yana hanyar Bogo, Maga, Pus, inda ake ɗora babur a kwalekwale a tsallaka zuwa ɓangaren Katowa.

Ƙasar wannan yanki ita ce ake kira karal, baƙar laka da ake shuka masakwa a kanta. Da rani takan bushe ta tsattsage, sawun shanu ya daskare kamar dutse. Da damina kuwa, musamman Agusta da Satumba, tana manne wa taya, ta taru tsakanin taya da madigadi har ƙafar gaba ta ƙi juyawa. Direba ya ƙara wuta, kulos ya ƙone. Don haka abin dubawa na farko a wurin dillali shi ne tazarar madigadin gaba. In yatsu biyu ba sa shiga, sai an ɗaga shi ko an cire shi da damina.

Babura iri uku ake zaɓa a ciki. Na Indiya, wato Bajaj Boxer da TVS HLX, masu inji cc 100 zuwa 150, ba sa shan mai, suna ɗaukar kaya, kuma bakaniken ƙauye ya san cikinsu. Lahaninsu galibi madigadi a ƙasa yake, kuma tayar da yawancinsu ke zuwa da ita ta kwalta ce. Na China irin su Sanili da Nanfang sun fi araha, kayan gyaransu ko'ina akwai, amma girgizar hanya tana kwance musu notuna, kariyar ɗora kaya ta baya ta tsage in kaya ya yi nauyi. Haojue ya ɗara su inganci, kuɗinsa ma haka. Sai na jeji kamar Yamaha AG200, mai tsayi da sarƙa a rufe. A laka babu kamarsa, sai dai tsada, kuma ƙaramin abu in ya lalace a Pus, sai an aika birni.

Ga mai fatauci da ke bin hanyar duk mako, mu dai Boxer ko TVS mai 125 ko 150 muke zaɓa, a canza masa taya. Girman inji ba shi ne abin nema ba. Babur mai nauyin kilo 120 zuwa 130 mutum uku za su ɗaga shi cikin kwalekwale, wanda ya doshi 200 kuwa sai da rigima da masu fito.

Ƙafa mai waya ta fi ta zubi. Ta waya in ta bugi rami lanƙwasa take yi, a miƙe ta a ɗaure wayoyin. Ta zubi tsagewa take, shi ke nan. A sa taya mai manyan haƙora, aƙalla a baya, da tib mai kauri, saboda ƙayar aduwa da ta bagaruwa. A yashi akan rage iska kaɗan don taya ta shimfiɗu, amma in aka rage da yawa taya na zamewa a kan ƙafa ta yage bakin tib, kuma wannan ba ya facuwa. Tib ɗaya sabo, kayan faci, famfo, fulogi da wayar kulos kada su bar jaka.

Sarƙa a bar mata sakin santimita 2 zuwa 3. In an ɗaure ta tamau, babur da kaya ya faɗa rami, ita ce za ta tsinke. Da hunturu ƙura na toshe matatar iska cikin kwanaki. Mai soso ta fi, don ana wanke ta a shafa baƙin mai a mayar. Man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba na bakin hanya, kuma yakan zo da datti ko ruwa, shi ya sa babur mai kabureta ya fi sauƙin sha'ani a nan, ana kwance ta a gindin bishiya a wanke. A ƙara ƙaramar matatar mai a tiyo.

Kada arha ta ja ka ga babur mara takarda. Lambar jikin babur da ta inji su yi daidai da abin da ke cikin kat giriz, wato takardar rajistar babur, a riƙe rasidin saye da takardar kwastan, sannan a nemi kamfanin inshora ya haɗa da kat roz, katin inshorar ƙasashen Afirka ta Tsakiya (CEMAC), wadda ke aiki a Kamaru da Cadi duka. Kuɗi dai sefa ɗaya ce, sai a tanadi canji don kuɗin fito. Kafin a tashi a tambayi 'yan acaɓan tashar Maga matsayin ruwa a makon, da kuma lokacin da masu kwalekwale ke tashi daga aiki, don ba a son magariba ta riski mutum a bakin kogi.