Cibiyar matasan fasaha da nake zuwa, ga yadda na ganta

Gaskiya wurin nan ya yi, musamman ga wanda yake fara koyon kodin, wato rubuta manhajar kwamfuta, ko rubuce-rubuce a intanet. Netwok ɗinsu da ƙarfi, amma ni mutanen ne suka fi burge ni wallahi, ka maƙale a WordPress (manhajar gina shafukan intanet) ko aikinka ya ƙi hawa GitHub (shafin da ake ajiye aikin kodin) sai ka ga wani ya jawo kujera kusa da kai, ba zai tashi ba har sai kun gano inda matsalar take, kuma bai nemi komai ba. Ranar da masu sabbin kamfanoni suke gabatar da aikinsu kuwa tambayoyi ake musu masu zafi, wa zai saya, ta ina kuɗi zai shigo. Surutu dai ya yi yawa da yamma, in kana da mitin a Zoom gara ka zo da safe.