Taswirar iSDAsoil: inda take da amfani ga malamin gona da inda ba ta isa ba

Duk wanda ya taɓa ɗiban ƙasar gona ya kai ɗakin gwaje-gwaje ya san cewa aikin yana cin kuɗi da lokaci, kuma babu hukumar da za ta iya bin gonaki ɗaya bayan ɗaya tana aunawa. Wannan giɓin ne taswirar iSDAsoil, wadda aka buɗe a intanet a shekarar 2020, take ƙoƙarin cikewa. Kyauta ce, ta kuma game kusan duk nahiyar Afirka.

An tattara sakamakon gwajin samfurin ƙasa fiye da 100,000 daga sassan nahiyar, aka haɗa shi da hotunan taurarin ɗan'adam na Sentinel-2 da Landsat da bayanan ruwan sama da na tudu da kwari, sannan aka sa manhajar kwamfuta ta koyi alaƙar da ke tsakaninsu, ta kintaci halin ƙasa a wuraren da ba a taɓa haƙa ko da rami ɗaya ba. An yanka nahiyar gida-gida, kowane gida mita 30 tsawo mita 30 faɗi, wato hekta ɗaya tana ɗauke da gidaje kusan 11. Idan mutum ya danna wuri, sai ta nuna masa tsamin ƙasa, yawan rairayi da yumɓu, naitirojin, fosfaras, fotashiyam, zinki da sauransu, a zurfi biyu: daga sama zuwa santimita 20, da daga 20 zuwa 50.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta ɓoye shakkarta ba, domin kowane adadi yana zuwa da ma'aunin da ke nuna iyakar kuskuren da zai iya kasancewa a cikinsa, kuma wanda zai yi aiki da ita ya kamata ya duba wannan kafin ya duba launukan da ke kan taswirar. Waɗanda suka gina ta sun bayyana da kansu cewa kintacen tsamin ƙasa ya fi inganci, na fosfaras kuwa yana da rauni. A nan gizo ke saƙa, saboda ƙarancin fosfaras da naitirojin shi ne babbar matsalar ƙasar noma a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, kuma a kansa ake yanke shawarar buhu nawa na takin NPK za a saya.

Dalilin raunin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san ƙauye. Gonar bayan gida da take shan toka da shara da kashin awaki kowace shekara, ko wadda Fulani suka yi mashekari a cikinta da rani, tana iya zama maƙwabciyar wadda ta shekara goma ba ta ga taki ba. Daga sama duka biyun jigawa ce mai launi ɗaya, tauraro ba ya ganin mangalar da jaki ya kai. Bambancin tudu da fadama, ko na jigawa da jangargari, shi ne irin abin da wannan hanya take kamawa sosai, tunda yana bin yanayin ƙasa ne ba hannun manomi ba.

Saboda haka a ganina ta fi dacewa da jami'in da ke tsara rabon taki a ƙaramar hukuma, da ɗalibi mai bincike, da kamfanin da ke neman yankin da ya dace da masara ko waken suya. Malamin gona kuma zai iya amfani da ita ya ware wuraren da suka fi cancantar a ɗebi samfuri a kai cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru ta Zariya ko wani ɗakin gwaji mafi kusa, maimakon ya yi ta ɗiba barkatai. Shafin dai ba da Hausa yake ba, kuma taswira irin wannan tana son intanet mai ƙarfi, don haka ƙaramin manomi zai buƙaci wanda zai karanta masa alƙaluman ya gwada su da abin da shi ya sani game da gonarsa.