Aikin Sa-kai a Joomla: Bitar Manhajar da Ba Ta da Ubangida

Mafi yawan masu gina shafukan intanet a yau ba sa zama su rubuta komai daga tushe. Suna ɗauko ɗaya daga cikin manhajojin da aka tanada domin tsara rubuce-rubuce, hotuna da rajistar masu shiga shafi, su ɗora ta a kan saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafin domin jama'a su iya buɗe shi), sannan su gyara mata fuska gwargwadon bukatar mai aiki. Uku ne suka daɗe suna tashe a wannan fage, wato WordPress, Drupal da Joomla, kuma dukansu kyauta ne, an rubuta su da harshen rubuta manhaja mai suna PHP, an sake su ƙarƙashin lasisin GPL wanda ya ba kowa damar dubawa, gyarawa da rarrabawa. Inda suka sha bamban shi ne wanda ke riƙe da ragama. Bayan WordPress akwai Matt Mullenweg da kamfaninsa Automattic, bayan Drupal akwai Dries Buytaert wanda ya kasance cikin waɗanda suka kafa kamfanin Acquia a 2007, amma Joomla ba ta da wani kamfani ko mutum guda da za a nuna a ce shi ne mai ita. Wannan bita ta shafi yadda Joomla ke karɓar mutumin da ya zo ba da gudummawar lokacinsa kyauta, da abin da zai tarar idan ya shiga, da kuma ko wahalar ta cancanci a sha ta.

Rashin ubangidan nan yana da asali. Joomla ta fito ne daga wata manhaja mai suna Mambo, wadda kamfanin Miro International na ƙasar Ostireliya ke riƙe da sunanta. A watan Agustan 2005 kamfanin ya kafa gidauniyar da za ta kula da Mambo, masu rubuta manhajar kuwa suka ga an yi hakan ba tare da an saurari ra'ayinsu yadda ya kamata ba, sai suka tattara nasu ya nasu suka fice baki ɗaya, ƙarƙashin jagorancin Andrew Eddie. A watan Satumba na shekarar suka saki Joomla 1.0, suka kuma danƙa al'amuran shari'a da na kuɗi ga wata ƙungiya da ba ta neman riba mai suna Open Source Matters, wadda har yau ita ke riƙe da sunan manhajar, kuma shugabanninta zaɓarsu ake yi daga cikin 'yan sa-kai. Wanda bai san wannan tarihi ba zai yi mamakin yadda mutanen Joomla ke da tsananin kishi a kan batun wa ke da iko da me, har ma wani lokaci muhawara a kan tsarin shugabanci ta fi muhawara a kan manhajar kanta zafi.

Ƙofar shiga ta farko ita ce shafin 'yan sa-kai da ke volunteers.joomla.org. A nan ake jera sassa da tawagogi, da sunayen shugabanninsu, da guraben da ake neman mutane, da rahotannin tarukan da kowace tawaga ta yi. Abin yabawa ne ƙwarai cewa baƙo zai iya karanta abin da aka tattauna a taron wata tawaga ba tare da ya nemi izinin kowa ba, domin ba kasafai ake samun irin wannan buɗaɗɗen lissafi ba ko a manyan hukumomi. Sai dai a ganina shafin kundin rajista ne, ba jagora ba. Yana gaya maka su wane ne ke nan, amma ba ya kama hannunka ya ce fara da kaza. Ainihin hira tana gudana ne a wata manhajar hira mai suna Mattermost, ainihin aikin manhaja kuma a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu su yi shi tare, saboda haka wanda ya cika fam ya koma gefe yana jiran a kira shi zai iya daɗewa yana jira. Wanda ya shiga zauren hirar, ya gabatar da kansa, ya faɗi abin da ya iya da yawan lokacin da zai iya bayarwa a mako, shi ne ke saurin samun wanda zai nuna masa hanya.

Aikin da na fi ba sabon shiga shawarar ya fara da shi, kuma wanda nake ganin shi ne mafi kyawun abin da Joomla ta tanadar wa baƙo, shi ne gwajin faci, wato gwada gyaran da wani ya rubuta wa manhajar. Ƙa'idar ita ce, idan wani ya rubuta gyara ga manhajar ya miƙa a GitHub, ba a haɗa gyaran da uwar manhaja sai mutum biyu, waɗanda ba su ne suka rubuta shi ba, sun gwada sun tabbatar yana aiki. Mai gwajin ba ya bukatar ya iya rubuta PHP ko layi ɗaya. Zai ɗora Joomla a kwamfutarsa ta hanyar XAMPP, manhajar da ke mayar da kwamfuta saba ta cikin gida, ko makamancinta, ya saka wata ƙaramar manhaja mai suna Patchtester, ya ba ta mabuɗin asusunsa na GitHub, ita kuma ta jawo masa jerin gyare-gyaren da ke jiran gwaji, kowanne da lambarsa. Idan ya zaɓi ɗaya, zai tarar mai gyaran ya rubuta matakan gwaji: shiga sashen maƙaloli, ƙirƙiri sabuwa, saka mata ranar da za ta daina fitowa, adana, duba abin da ya faru. Da farko zai bi matakan ba tare da facin ba, domin ya ga matsalar da idonsa. Daga nan ya danna maɓallin ɗora faci, ya sake bin matakan, ya ga ko matsalar ta kau, ya kuma leƙa gefe da gefe ko gyaran ya ɓata wani abu dabam. Sannan ya cire facin domin manhajarsa ta koma yadda take, ya je issues.joomla.org ya rubuta sakamakon. Da zarar an samu gwaji biyu masu nasara sai a liƙa wa gyaran alamar RTC, ma'ana ya shirya shiga, masu kula da sakin manhajar su yanke hukuncin ƙarshe.

Amfanin wannan tsari ga mai koyo ya wuce yadda ake zato. Cikin ɗan lokaci mutum zai leƙa lungunan manhajar da bai taɓa shiga ba, kamar tsarin izini da ke tantance wa zai iya gyara me, da tsarin harsuna da yawa wanda Joomla ke da shi a jikinta tun 2011 ba tare da an saka mata wani ƙari ba. Zai kuma koyi rubuta rahoton matsala yadda wani da ke wata nahiya zai fahimta ba tare da ya dawo da tambaya ba, kuma wannan fasaha ce da ake biyan albashi a kanta a kamfanonin manhaja. Bugu da ƙari, gwajin ba na jeka-na-yi-ka ba ne, domin gyaran da ya rasa mai gwadawa zai iya shafe watanni yana ajiye, saboda haka sa'a guda ta baƙo tana iya zama abin da ya rage kafin gyara ya isa ga dubban shafuka. Akwai dai gyare-gyaren da suka taɓa JavaScript (wani harshen rubuta manhaja) ko fuskar shafi, waɗanda kan bukaci a sauke cikakken kunshin manhajar da aka riga aka haɗa, kuma mai sayen data da kuɗinsa zai ji a jikinsa idan ya yawaita irin waɗannan.

Lokaci zuwa lokaci ana shirya taron da ake kira Pizza, Bugs & Fun, inda 'yan sa-kai a ƙasashe daban-daban ke haɗuwa, wasu a ɗaki guda wasu ta intanet, su tasa tarin gyare-gyaren da suka taru a gaba. Tamkar gayya ce ta noma, inda ake gama a yini ɗaya abin da mutum ɗaya zai yi damina yana fama da shi, kuma babu ranar da ta fi ta dacewa da sabon shiga, tunda ƙwararru suna zaune ne musamman domin amsa tambayoyin masu koyo.

Sauran hanyoyin ba da gudummawa suna nan ga wanda gwaji bai burge shi ba. Akwai amsa tambayoyi a dandalin taimako, da gyara littafin bayani na manhajar, da rubutu a mujallar Joomla Community Magazine da ke fita duk wata, da tantance ƙarin manhajojin da ake ɗora wa Joomla domin ta yi wasu ayyuka, waɗanda mutane ke miƙawa domin a jera su a kundin Joomla. Fassara ce ta fi jan hankalin mai jin Hausa, kuma ana yin ta ne a shafin fassara mai suna Crowdin, inda ake jera jimlolin manhajar ɗaya bayan ɗaya. A nan ya kamata a faɗi gaskiya, aikin ya fi yadda ake hange nauyi. Jimlolin sun kai dubbai, da yawansu guntaye ne da ba a gane inda za su bayyana sai an buɗe manhajar an duba, kuma duk sabon fitowa yana zuwa da sababbi. Fassarar da aka kai rabi aka watsar ba ta amfanar kowa, domin mai amfani zai riƙa ganin rabin allo da harshensa, rabi da Turanci. Aiki ne na tawaga mai mutum uku ko huɗu da suka amince da jerin kalmomi guda tun farko, ba na mutum ɗaya mai zumuɗi ba.

Rashin kamfani a baya yana da farashi, kuma babban farashin shi ne jinkiri. An saki gwajin farko na Joomla 4 a ƙarshen 2017, amma cikakkiyar manhajar ba ta fito ba sai ranar 17 ga Agusta, 2021. A tsawon waɗannan shekaru masu gina shafuka da dama sun gaji da jira sun koma wani wuri, kuma ƙaura daga Joomla 3, wadda aka daina tallafa wa a Agustan 2023, ta wahalar da waɗanda shafukansu suka dogara da tsofaffin ƙarin manhajoji. A ƙididdigar W3Techs, shafin da ke bibiyar manhajojin da shafukan intanet ke amfani da su, WordPress na riƙe da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, Joomla kuwa ba ta kai kashi 3 ba. Wannan yana da ma'ana kai tsaye ga ɗan sa-kai da ke fatan gudummawarsa ta jawo masa kwastomomi, domin mai neman a gina masa shafi ya fi sanin sunan WordPress. Haka nan, tunda kusan kowa yana yi ne bayan ya tashi daga aikin da ke ciyar da shi, tawaga kan yi sanyi idan mutum ɗaya ko biyu da ke jan ta suka gaji, kuma babu manajan da zai tilasta wa kowa ya amsa saƙo. Adalci ne kuma a ambaci cewa an ɗauki darasi: Joomla 5 ta fito a Oktoban 2023, Joomla 6 a Oktoban 2025, ƙananan fitowa kuma duk wata shida, kuma tafiya daga 4 zuwa 5 ta zo da sauƙi ƙwarai idan aka kwatanta da ta baya.

A ɗaya ɓangaren, abin da ya faru a duniyar WordPress a watan Satumban 2024 ya sa mutane da yawa sun sake duban darajar tsarin Joomla. Rikici ya ɓarke tsakanin Mullenweg da kamfanin WP Engine mai ajiye wa mutane shafukan WordPress a sabarsa, aka toshe wa kamfanin hanyar shiga wordpress.org, magana ta kai kotu a Amurka, 'yan sa-kai da dama kuma suka farga cewa shafin da suka yi shekaru suna yi wa hidima yana hannun mutum ɗaya ne. Ko wane ne ke da gaskiya a wannan shari'a, tambayar da ta taso ta shafi duk mai ba da lokacinsa kyauta, wato wa zai ci moriyar gumin nan, kuma wa zai iya rufe masa ƙofa gobe. A Joomla amsar ita ce shugabannin da aka zaɓa na ƙayyadadden wa'adi, waɗanda za a iya sauyawa a zaɓe na gaba. Tsarin yana da surutu, yana da jan ƙafa, amma ni na fi natsuwa da in yi aikin kyauta a inda babu wanda ya mallaki gonar.

Hukuncina shi ne, aikin sa-kai a Joomla ya dace da ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ke neman gogewa ta zahiri wadda kowa zai iya dubawa a GitHub, da mai gina shafuka da ya riga ya dogara da manhajar wajen neman abincinsa, domin shi gyaran da ya gwada yau zai dawo masa a shafukan kwastomominsa. Bai dace da mai neman kuɗi nan take ba, tunda ba a biya, in ban da ɗaliban da suka samu shiga shirin Google Summer of Code, wanda Joomla ta sha shiga cikinsa kuma Google ke ba da alawus. Ana bukatar Turancin da zai isa a karanta umarni a rubuta rahoto, da kwamfutar da za ta iya ɗaukar saba ta cikin gida, da haƙurin jiran amsa kwana biyu ko uku. Wanda ke Najeriya ko Nijar yana da wani gata da na Asiya ko Amurka ba su da shi: da yawa daga cikin masu ƙwazon aikin suna Jamus, Holan, Faransa da Ingila ne, kuma agogonmu bai wuce sa'a ɗaya tsakaninsa da nasu ba, saboda haka tarukan da suke yi da yamma bayan tashi daga aiki suna faɗowa ne a lokacin da mu ma muke gida.