Gyaran gida kafin zuwan baƙin hutu: rana ɗaya ko kaɗan-kaɗan?

'Yar uwa, kin ce baƙi za su sauka a gidanki lokacin hutu, za su yi kwanaki, kuma saura kamar kwana goma. Tambayarki ita ce: ki bari sai ana gobe za su iso ki kwashe yini guda kina share-share da goge-goge, ko kuwa ki fara tun yanzu kina yin kaɗan-kaɗan? Kin kuma faɗi abin da ke damunki, cewa in kin fara da wuri yara za su mayar da gidan yadda yake.

Wannan tsoron yana da tushe, kuma shi ne babbar hujjar masu aikin rana ɗaya. Ƙasan da kika goge ran Litinin ba zai kai Asabar da ƙyallinsa ba. Mai fita aiki duk mako ma ba ta da wani zaɓi sosai. Sai dai ayyukan gida ba tsawon rai ɗaya gare su ba. Akwai wanda in an yi shi zai riƙe wata guda, akwai wanda ba ya kwana biyu. Da wannan ma'aunin zan ɗora miki hanyoyin biyu a kan sikeli.

Fara da ƙura. In kika kakkaɓe yana daga silin, kika goge fanka da saman kwaba, kika cire labule, ƙurar da kika tayar ba nan take take sauka ba. Mai laushin tana yin sa'o'i tana yawo a iska. Mai aikin rana ɗaya za ta goge tebur da rana, da yamma ta tarar da shi ya yi fari-fari, ta ɗauka hannunta ne bai yi kyau ba. Wadda ta rarraba aikin kuwa ta gama da sama tun farkon mako, ƙurar ta sauka, sharar yau da kullum ta kwashe ta. Kowace hanya kika bi, daga sama ake farowa a gangaro ƙasa, kuma da tsumma mai ɗan laima, don busasshe tura ƙurar kawai yake yi daga nan zuwa can.

Inda tazarar ta fi faɗi shi ne duk abin da ya taɓa ruwa. Labule, bargo, rigar kujera, kafet, filo: wankinsu ba wuya, shanyarsu ce ba ta jin lallashi. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, tana ba da shawarar a busar da duk abin da ya jiƙe cikin awa 24 zuwa 48, domin bayan haka fumfuna na iya kama shi. To ki duba wadda ta wanke kafet ana gobe baƙi za su zo. Samansa ya bushe, cikinsa da sauran ruwa, ta shimfiɗa ta rufe ɗaki. Kwana biyu ɗakin ya ɗauki warin rima, kuma baƙon da ke kwana a ciki shi zai fara ji. Haka zanin gadon da aka linke da sauran danshi. Mai kwana goma a hannu tana da damar wanke zannuwan gado da ruwan zafi, wanda in ya kai digiri 60 a ma'aunin Celsius yana kashe ƙananan ƙwarin ƙura da ke zama cikin shimfiɗa, waɗanda ido ba ya ganinsu amma suna tayar wa masu asma da atishawa ciwonsu. Tana da damar jingine katifa ta sha iska yini guda. Waɗannan ba sa yiwuwa a daren ƙarshe, kome yawan hannun da ke taya ki.

Ga kuma wari. Hancin mutum yana sabawa da warin gidansa har ya daina jinsa, baƙo kuwa tun daga bakin ƙofa zai ji. Aikin gaggawa yakan ƙare ne da fesa abin ƙamshi a kan warin, su haɗu su zama wani abu na uku. Aikin sannu yana ba ki lokacin bin sawunsa: kwandon shara da ba a wanke gindinsa ba, magudanar ruwa, takalman da ke bayan ƙofa, wani abu da ya kwana biyu a lungun firiji. Ki fita na ɗan lokaci ki dawo, ki kula da abin da hancinki zai gaya miki a shigowar farko.

Abin da ya fi sa ni karkata ga farawa da wuri shi ne gyare-gyare. Famfo mai ɗiga, ƙwan fitilar da ya mutu, sakatar banɗakin da ba ta kamawa, soket ɗin da ba ya kawo wuta kusa da gado. Ba tsintsiya ke maganinsu ba, mai gyara ne, shi kuma lokacin hutu kowa nemansa yake. In da hali ki kwana ɗaya a ɗakin da za ki sauke baƙin. Nan za ki gane ko labulen yana tare hasken safiya, ko gadon yana ƙara, ko akwai inda mutum zai rataye kayansa.

Yanzu inda rana ɗaya ta yi nasara, kuma nasarar ba ƙarama ba ce: banɗaki, kicin, ƙasa, da hannun ƙofofi. Waɗannan ko kin wanke su da wuri sai kin sake. Kicin ma ya fi buƙatar ido fiye da yadda ake zato. Binciken da ƙungiyar NSF International, mai gwajin tsabta da ingancin kayayyaki, ta yi a gidaje a 2011 ya samu ƙwayoyin cuta dangin na bayan gida a fiye da kashi 75 cikin ɗari na soson wanke-wanke da tsummokin kicin, abin da ya zarce na wuraren da aka gwada a banɗaki. Sabon soso ana gobe za su zo ya fi goge gilashin taga amfani ga lafiyar baƙinki.

Amma ina roƙonki, a wannan ranar ta ƙarshe kada sauri ya sa ki haɗa magungunan wanki. Bilic da ruwan khal, ko da maganin wanke masai mai asid, suna fitar da iskar kulorin mai guba. Bilic da duk abin da ke da amoniya suna fitar da wata iskar mai ƙona ido da huhu. A ƙaramin banɗaki mai rufaffiyar taga wannan ba wasa ba ne. Bilic da ruwa kawai ake sirka shi. Ma'aunin CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, shi ne ƙaramin cokali 4 na bilic cikin kusan lita ɗaya ta ruwa. A fara wanke wurin da sabulu, sannan a shafa, a bar shi da laimarsa aƙalla minti ɗaya. Sirkin kuma ba ya wuce awa 24 da ƙarfinsa, shi ya sa ba a haɗa shi a ajiye tun farkon mako.

Hanyar kaɗan-kaɗan ma tana da tarkonta. Ganin akwai lokaci, sai mutum ya buɗe tsohon akwati, ya zauna yana duba kayan da baƙo ba zai taɓa gani ba, kwana uku su tafi falo na nan yadda yake. Maganinsa a rubuta abin da za a yi kowace rana, awa ɗaya ko ƙasa da haka, a fara da inda baƙo zai kwanta, inda zai yi wanka, inda zai zauna. Ɗakin da aka gama a ja ƙofarsa, a gaya wa yara an rufe shi. Rabin damuwarki ke nan ta kau.

Ki kuma sa gajiyarki cikin lissafi. Wadda ta yi awa goma tana sunkuye za ta tarbi baƙi da ciwon baya da jajayen idanu, kuma suna gani. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma fuskar da ba ta yi barci ba shimfiɗuwa take yi da ƙyar.

Da ni ce ke da kwana goman nan, yau zan zagaya gidan da takarda in rubuta duk abin da ke neman mai gyara, in kira shi. Kwana uku na gaba na wanki da shanya ne da kakkaɓar sama. Sai ɗakin baƙi, sai firiji, a fitar da abin da ya tsufa a samar da wuri, a tabbatar ma'aunin zafin cikinsa bai haura digiri 4 na Celsius ba tunda zai cika fiye da kullum. In akwai ƙananan yara cikin masu zuwa, magunguna da kayan wanki su koma sama inda hannu ba ya kaiwa. In akwai tsofaffi, a ɗauke ƙananan dardumai masu zamewa, a bar fitila a hanyar banɗaki. Ranar ƙarshe rabin yini ya isa: banɗaki, kicin, shara da guga, sabon zani a gado, tawul da sabulu.

In kuma abubuwa sun cakuɗe har rana ɗayar ce kaɗai ta rage miki, kada ki jiƙa kafet ko labule. Ki kakkaɓe su, ki buɗe tagogi tun da safe, ki tattara tarkace cikin kwali ki kai ɗakin da ba za a shiga ba, sauran ƙarfinki ki ba banɗaki da wurin kwana.